Majinyata Talatin da Ɗaya a Ɗaki Uku

Tun tana 'yar aji biyu aka laƙaba mata Cikin-Nawa, kuma ita ta jawo wa kanta. Wata rana yayanta ya faɗo gida da gudu yana kaɗa takardar jarrabawa, wai ya zo na uku. Uwarsu ta hau murna, Baba ya miƙa hannu zai shafa masa kai, sai wannan 'yar mitsitsiyar ta ɗago daga kan kwanon abinci ta ce, "Yaya, na uku cikin nawa?" Ashe su huɗu suka rubuta jarrabawar, sauran duk ƙyanda ta kwantar da su. Yayan bai sake kula ta ba har sati ya zagayo.

Sunan kuwa ya bi ta. Ya sauko da ita daga ƙauyensu na kan tudu zuwa makarantar cikin gari, ya raka ta har ɗakin aure. Ranar da telan da ta aura ya fara zuwa wurinta, ya gyara murya ya ce duk cikin 'yan matan duniya ita kaɗai ta kwanta masa a rai. Ta ce, "Nawa ka gani?" Bawan Allah ya ƙirga da yatsu, ya ce uku. To wannan ukun ce ta sa ta aure shi. Ta ce namijin da zai faɗi gaskiyar lamba a irin wannan wuri, ba a barin sa ya wuce.

Shekara goma sha tara ta yi tana haɗa alƙaluma a ofishin lafiya na gunduma. Ɗakinta ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda: tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da kwali, fanka mai juyawa hagu kawai, da allo baƙi wanda ba ta yarda kowa ya goge sai ita. In lissafi ya fita daidai, tashi take ta taka rawa ita kaɗai, da alli a hannu, har masinja ya daina leƙowa ya ga ko lafiya. Dariyarta kuwa daga bakin ƙofar shiga ake jin ta. Kai, matar nan tana son aikinta, so na tsakani da Allah.

Da annobar nan mai tari da sarƙe numfashi ta shigo, aikinta ya koma abu ɗaya. Kullum da safe yankuna uku na gundumar su bugo mata waya da adadin waɗanda suka kamu: cikin gari, bakin ruwa, da kan tudu. Ta rubuta a allo. Na kan tudu kullum shi ne ɗan auta, har 'yan ofis suna cewa iskar can magani ce. Ita ma da farko ta sha cika baki, wai su 'yan tudu ƙashinsu daban ne.

Akwai dai wani ɗan abu da ta sani ta yi gum. Asibitin cikin gari ba ya gwada kowa ko ba shi gado sai mazaunin gari. In ka ce daga tudu kake, a ce ka koma ɗakin shan magani na yankinku, inda babu komai sai ma'aunin zafin jiki da benci. Shi ya sa da goggonta ta sauko tana haki, Cikin-Nawa ta raɗa mata cewa in an tambaye ta adireshi ta faɗi na gidanta. Goggo ta warke ta koma. Mutum ɗaya ne, ta ce wa ranta, mutum ɗaya ba ya karkatar da allo.

Ranar wata Lahadi da la'asar ƙanwarta Auta, wadda ke zaune da Baba a ƙauye, ta bugo. Tari ya kama Baba kwana biyar, kuma ya rantse ba mai ɗora shi a babur ya yi awa huɗu a kan wannan hanya mai ramuka. Cikin-Nawa ta ce a ba shi wayar. Baba, wanda in ya fara faɗa sai ka ajiye waya ka je ka sha ruwa ka dawo ka tarar bai kai rabi ba, ranar kalma bibbiyu yake yi yana tsayawa.

"Baba, numfashinka ne haka?"

"Wayarku ce... ba kyau," in ji shi.

Ba wayar ba ce.

Ranar Litinin sai ga takarda daga sama. An ba gundumar mota guda, asibiti sukutum a kan taya: gado huɗu, tukwanen iskar numfashi, kayan gwaji, da ma'aikatan jinya biyu. Za ta je yankin da annoba ta fi yi wa ɓarna, kuma ranar Alhamis ake son amsa. Likita, shugaban ofishin, ya tara su a ɗakin taro, kowa da takunkuminsa, kujera nesa da kujera. Ya karanto, "Cikin gari ɗari huɗu. Bakin ruwa ɗari da hamsin. Kan tudu tara. Ina ganin ai magana ta ƙare."

Sakatare, mutumin cikin gari wanda ke yawo da hatimin ofis a aljihun gaba kamar wani zai sace, har ya buɗe murfin biro.

"Ranka ya daɗe," in ji Cikin-Nawa, "ɗari huɗu cikin nawa?"

Ɗakin ya ɗauki "Wayyo, ta fara!" Ita ko a jikinta. Ta miƙe ta je gaban allon ɗakin taron. Cikin gari mutum dubu ɗari biyu ne, ke nan biyu cikin kowane dubu suka kamu. Bakin ruwa dubu hamsin ne, ke nan uku cikin dubu. "Babbar tukunya ai dole ta fi yawan wake, Sakatare, ba shi ke nuna ta fi gishiri ba!" Wakilin bakin ruwa ya hau tafi. Daɗi ya kwashe ta, ta yi juyi ɗaya a gaban Likita, ta koma kan layi na uku da saurinta. Tara cikin dubu ashirin. Ta raba, ta rubuta, sannan ta ga abin da ta rubuta. Ko rabin mutum bai kai ba cikin dubu. Da hannunta, da allinta, ta kai yankin ubanta can ƙasan allo, ta ja masa layi biyu.

Ta yi ta maza ta ce a duba gwaji. A gari an gwada dubu huɗu, ɗaya cikin goma ke ɗauke da cutar. A tudu sau ɗaya tak aka hau da kayan gwaji, aka gwada mutum goma sha biyu, tara suka kamu. Wannan ba ya nuna wuta na ci a can?

Likita mutum ne mai adalci, abin da ya fi ba ta haushi ke nan ranar. Ya ce, "Goma sha biyu, Malama? Ke da kanki kika koya mini cewa ba a yanke hukunci da 'yan tsirarun mutane. Ki kawo mini abin da zan iya sa wa hannu kafin Alhamis. In babu, motar ta bakin ruwa ce."

Talata da hantsi tana zaune ta zuba wa allo ido, sai ga wayar maigidanta.

"Ke, zo gida maza. 'Yan sama jannati sun sauka a ƙofarmu."

Ta tarar da layinsu ya yi carko-carko, kowa daga nesa. Mutum huɗu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, da tankunan feshi a baya, sun ɗaure igiya a ƙofar gidanta. Maigidan na tsaye a tsakar gida da tef a wuya da almakashi a hannu, 'yan matansu biyu sun leƙo ta taga. Shugaban masu feshin ya buɗe takarda ya sanar, da murya irin ta mai shela, cewa gida mai lamba goma sha huɗu shi ne ya fi kowane gida a gundumar yawan masu cutar. Mutum talatin da ɗaya.

"Talatin da ɗaya?" in ji telan. "Mu huɗu ne, da kyanwa biyar." Ya juyo wajen matarsa. "Uwar 'yan mata, ina kika ɓoye su? Shi ya sa shinkafa ba ta kai mana ƙarshen wata!"

Ya ja shugaban masu feshi ɗaki-ɗaki, duka ukun. Ya ɗaga masa katifa, ya buɗe masa durowar keken ɗinki, ya buɗe tukunyar da ke kan wuta ya ce a leƙa ko akwai mutum biyu a ciki. Mutumin ya yi tsuru-tsuru cikin gilashin fuskarsa. Don ya kare kansa sai ya fara karanto sunaye daga takardar asibiti, takardar da ba ta taɓa zuwa teburin Cikin-Nawa ba, don ita jimla kawai ake aiko mata.

Na farko Goggo. Na biyu mijin Goggo. Sai Kawu, sai matar Kawu, sai mai injin niƙa na ƙauyensu, sai ungozomar da ta karɓi haihuwarta, sai malamin da ya koya mata raba lamba. Ashe Goggo da ta koma ba ta bar kowa bai haddace lambar gidan ba. Duk wanda zai sauko asibiti sai ya biya ta wajenta ta karanta masa, ya maimaita sau uku.

Dariya ta kama Cikin-Nawa har ta zauna daɓas a kan turmi tana riƙe ciki. Tana cikin dariyar abin ya faɗo mata. Ta miƙe zumbur, ta fizge takardar daga hannun mutumin, ta ɗaga sama tana tsalle. "Ga su nan! Ga 'yan tudun nan! Ashe a gidana suke!" Maƙwabta suka ƙara ja da baya, suna cewa cutar ta fara taɓa mata kai.

Laraba tun da safe tana ɗakin rajistar asibiti, ta sa mai rajistar ya sauko mata da manyan littattafai uku. Abu ɗaya take nema: gidan da ya fito fiye da sau goma. Ta samu biyar, har da nata, kuma duk ta san masu su. Akwai na mai gyaran takalmi, da na direban tifa, da na wata mai sayar da kayan miya, da na wani tsohon ɗan dako. Duk 'yan tudu ne da neman abinci ya sauko da su. Mai gyaran takalmin shago ɗaya gare shi, ko tabarma biyu ba ya ɗauka, amma a littafi majinyata ashirin da tara ne ke kwana a ciki. Da ta haɗa gidajen biyar, mutum ɗari da arba'in cif.

Telan ya ɗauke ta a babur suka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar suna bayan suna. A nan rawar ta tsaya. Mai kayan miya ta riƙe mata hannu ta ce, "Don Allah 'yar'uwa, kar ki tona mu. In suka gane, za su rufe wa mutanenmu ƙofa, sai kuma ina?" Direban tifa ya ce shi bai ma san ta ba, bai san kowa ba, a tudu ma ba a haife shi ba, alhali da harshen tudu yake rantsuwar.

A hanyar dawowa maigidan ya tsayar da babur a gindin wata bishiya, ya kashe. Yau babu wasa a bakinsa.

"Kin tuna takardar da kika sa wa hannu ranar da aka ɗauke ki aiki?"

Ta tuna. Duk ma'aikacin da ya sa hannu a shigar da bayanin ƙarya, a bakin aikinsa. Kuma ba yadda za ta nuna gidajen nan ba tare da an ga lamba goma sha huɗu a sama ba. Tsoro ya kama ta, tsoro sosai, don ba ta san ko ita wace ce ba in babu allon nan. Suna tsaye Auta ta bugo: Baba ya daina iya kwanciya, a zaune yake barci, an jingina shi da bango.

"Tayar da babur," ta ce wa mijinta.

Ranar Alhamis ta ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Ta ce in korar ta za a yi, ba za a kore ta a yamutse ba. Ta riga kowa shiga ɗakin taro ta cika allo. Da suka zauna ta bi da su a hankali: asibiti yana rubuta inda mutum ya ce yake, ba inda ya kwana ya kamu ba. A cire ɗari da arba'in daga gari, gari ya koma ɗaya da 'yan kai cikin dubu. A mayar da su inda suka fito, tudu ya zama ɗari da arba'in da tara cikin dubu ashirin. Bakwai da ɗoriya cikin dubu, fiye da ninki biyu na bakin ruwa. Kuma waɗannan masu ƙarfin saukowa ne kawai. Tsofaffin da ba sa iya hawa babur ba su cikin kowane littafi.

Likita ya karɓi allin, abin da bai taɓa yi ba, ya sake lissafin da kansa, sau biyu. Ya tsaya a kan jerin gidajen.

"Wannan na farkon, gidan wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya fara koya musu?"

"Ni ce. Goggona na koya wa, ita kuma ta buɗe makaranta."

Wani ya tuntsire da dariya a cikin takunkumi ya mai da ita tari, aka zabura aka matsa daga kusa da shi. Sakatare ya zaro hatimi ya ajiye a tebur, baki har kunne, wai doka a fili take. Cikin-Nawa ta ce ta san dokar, ita ta buga ta a takarda ma. Abu ɗaya take roƙo: a hukunta ta ita kaɗai, kar a taɓa gidajen nan huɗu, kar kuma a kori mai ciwo don ya faɗi gaskiyar inda ya fito.

Likita ya daɗe yana murza goshi. Sannan ya yanke: mota ta tafi tudu ranar Asabar. Daga yau asibiti ya karɓi kowa, a rubuta ainihin ƙauyensa. Kayan gwajin da za su zo gaba na bakin ruwa ne. Ita kuwa Malama, dakatarwa wata uku, ta miƙa makullin ɗakinta yanzu, sauran magana sai kwamiti ya zauna.

Wakilin bakin ruwa ya fita bai yi mata sallama ba, kuma ba ta ga laifinsa ba, shi ma yana da tsofaffi. Ta ciro makullin daga zaren da ke wuyanta ta ajiye a gaban Sakatare. Ta fito baranda ta taka rawa tun daga ƙofar ɗakin taro har bakin ɗakinta, masinja na buga mata tebur. Da ta kai hannu za ta buɗe ƙofar ta tuna ba ta da makulli, sai ta zagaya bayan ofis ta yi kukanta mai isarta, ta wanke fuska a famfo.

Wanda aka dakatar ai ba ya neman izinin tafiya. Asabar da sassafe tana gaban motar kusa da direba, da jakar kaya a cinya. Awa biyar suka yi, don motar ba ta son ramuka, Cikin-Nawa na ta yi wa direban gardama a kan kowace kwana. Suna shiga ƙauyen mutane suka fito ƙofar gidaje, Goggo a gaba tana nuna ta da hannu biyu tana cewa 'yarta ce, ita ta raine ta.

Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta tarar da Baba jingine da bango, ya rame, leɓɓansa sun yi duhu. Ya buɗe baki zai kira ta, sunan bai fito ba. Mutum huɗu suka ɗauke shi a kan kujerarsa har cikin motar. Nas ta ɗaura masa abin shaƙar iska, ta ce kowa ya fita.

Kwana uku tana zaune a matakalar motar, tana taya nas-nas ɗin rubuta masu zuwa gwaji, kunnenta na ciki. Ban da hucin tukunyar iska ba ta jin komai. A rana ta huɗu da hantsi, Auta ta shiga kai masa ruwan zafi, kuma bakin Auta ba ya riƙe magana. Sai ga murya ta fito ta taga, a dishe, amma tasa ce.

"Ina take? Ke! Ashe aikin naki kika je kika zubar saboda ni, aikin da na sayar da shanu biyu na kai ki makaranta dominsa, shekara goma sha tara kina zaune lafiya sai yanzu da girmanki da 'ya'yanki za ki tashi ki tsaya gaban manya kina tona wa kanki asiri, wa ya aike ki, ni na ce miki ina neman mota?"

Nas na cewa Baba a mayar da abin hanci, Baba na ture hannunta. Cikin-Nawa ta ajiye biro. Hawaye na zuba har kan littafin, tana dariya, ta kasa tashi daga matakalar. Ta ɗaga kai wajen tagar.

"Baba, ban ji ba," ta ce. "Sake faɗa tun daga farko."